Ma'aikatar da Ke Bayan Wayar Samsung: Yadda Koriya ta Kudu Ke Haɗa Gwiwa da Ƙasashen Waje a Binciken Kimiyya

Idan ana hirar waya a majalisa, sunayen kamfanoni ake ji. Wannan ya ce kyamarar Samsung, wancan ya ce batirin Tecno, wani kuma ya ce shi sai wayar da ke ɗauke da Snapdragon. Da wuya a ji wani ya ambaci ma'aikatar gwamnati. Amma duk wanda ya bi salsalar wayar Samsung zai tarar cewa kafin kamfanin ya kai inda yake, akwai jami'an gwamnati da suka zauna da wasu ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya, suka zuba kuɗin bincike, suka kuma tsaya kai da fata sai da ilimin ya zauna a kan 'yan ƙasarsu.

A shekarar 1953 aka tsagaita wuta a yaƙin Koriya, ƙasar tana kango. A farkon shekarun 1960, abin da ɗan Koriya ta Kudu ke samu a shekara, idan aka yi rabon kai-da-kai, bai kai dala 200 ba. Ƙasar ba ta da man fetur. A yau tana kashe kusan kashi 5 cikin 100 na duk abin da tattalin arzikinta ke samarwa a kan bincike da ƙirƙira, wanda ya sa ta cikin na sahun farko a duniya. Wannan maƙala za ta bi sawun Ma'aikatar Kimiyya da Fasahar Sadarwa ta ƙasar, domin mai karatu ya ga yadda irin wannan ma'aikata ke aiki da ƙasashen waje, da inda kuɗin ke fitowa, da kuma abin da ke sa wata yarjejeniyar ta yi amfani wata kuma ta tashi a tutar babu.

Mene ne aikin ma'aikatar?

An kafa ma'aikatar kimiyya a Koriya ta Kudu a 1967. Ta sha sauya suna da tsari. A 2013 aka haɗe harkokin kimiyya da na sadarwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, a 2017 kuma ta samu sunan da take amsawa yanzu. Saboda haka ita ce ke da ruwa da tsaki a lasisin kamfanonin waya, ita ce kuma ke kula da manyan cibiyoyin binciken gwamnati.

Ma'aikatar ba ta yin bincike da hannunta. Aikinta shi ne ta tsara inda za a dosa, ta raba kuɗi, ta kuma wakilci ƙasar a teburin tattaunawa. Kuɗin yana biyo hanya kamar haka: majalisa ta amince da kasafi, ma'aikata ta ware kason kowane fanni, sannan ta miƙa wa hukumomin da ke rabawa, kamar Gidauniyar Bincike ta Ƙasa da aka kafa a 2009. Hukumar sai ta fitar da sanarwa, masana su rubuto bayanin abin da suke son bincikawa da abin da zai ci, wasu masanan kuma su tantance su zaɓa.

Idan aikin na haɗin gwiwa ne da wata ƙasa, tsarin da aka fi bi shi ne a fitar da sanarwa ɗaya a ƙasashen biyu. Masani a Koriya ya nemi abokin aiki a Jamus, misali, su rubuta buƙata tare. Idan an amince, kowace gwamnati ta biya nata mutanen. Tun kafin a fara ake rubuta wanda zai mallaki abin da aka gano, da yadda za a raba kuɗin da ya shigo daga baya. Wannan sashe na ƙarshe shi ne mafi yawan mutane ba sa lura da shi, alhali a nan ake ci ko a cinye mutum.

Mafari: cibiyar da aka roƙo daga Amurka

A watan Mayun 1965 shugaban Koriya ta Kudu, Park Chung-hee, ya gana da shugaban Amurka Lyndon Johnson, a daidai lokacin da Koriya ke tura sojojinta yaƙin Vietnam. Cikin abin da aka cim ma akwai alƙawarin Amurka na taimakawa a kafa cibiyar binciken kimiyya. A 1966 aka buɗe ta a Seoul da sunan KIST. Gwamnatocin biyu suka haɗa kuɗi, wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Battelle kuma ta taimaka wajen tsara ta.

Shugabanta na farko, Choi Hyung-sup, ya bi jami'o'i da kamfanonin Amurka yana lallashin masana 'yan Koriya su dawo gida. An ba su albashin da ya fi na malaman jami'ar ƙasar nesa, an ba su gidaje da kayan aiki. Sharaɗin shi ne binciken ya zama wanda masana'antu ke buƙata, har kamfani ya iya biyan kuɗi a warware masa matsala. Daga baya Choi ya zama ministan kimiyya, daga 1971 zuwa 1978.

A 1971 aka sake irin haka da makarantar da ta zama KAIST ta yau, da rancen dala miliyan 6 daga hukumar raya ƙasashe ta Amurka, da kuma shawarar Frederick Terman na jami'ar Stanford. Abin lura a nan shi ne irin abin da Koriya ta roƙa. Ta nemi wurin da za a horar da mutanenta, kuma 'yan ƙasar ne suka riƙe shugabancinsa tun ranar farko.

Cacar CDMA

Ga masu waya, babu misalin da ya kai na CDMA. A farkon shekarun 1990 duniya na shirin barin tsohon tsarin wayar salula zuwa na dijital. Turai ta riga ta tsaya a kan GSM, kuma kamfanoni irin su Nokia da Ericsson sun yi nisa a kansa. Duk wanda ya bi GSM a lokacin, a bayansu zai tsaya.

A birnin San Diego na Amurka kuwa akwai wani ƙaramin kamfani da aka kafa a 1985, mai suna Qualcomm, wato mai Snapdragon ɗin nan. Yana da wata dabara da ake kira CDMA, amma ba a taɓa gina ta ga miliyoyin mutane ba. Bambancin tsarin biyu yana da sauƙin ganewa. A GSM, masu kira suna karɓa-karɓa ne: kowa na da ɗan ƙanƙanin lokacinsa a kan zangon sadarwa ɗaya, da saurin da kunne ba ya ji. A CDMA kowa na magana lokaci guda, sai dai an lulluɓe muryar kowa da lambar sirri tasa. Kamar tashar mota ce da Bahaushe ke magana da Bahaushe, Bayarabe da Bayarabe, Bafulatani da Bafulatani: hayaniya ɗaya ce, amma kowa na tsintar harshensa. Ta haka turken sabis ɗaya ke iya ɗaukar masu kira da yawa.

A 1991 cibiyar binciken lantarki da sadarwa ta gwamnatin Koriya, ETRI, ta sa hannu da Qualcomm a kan su gina tsarin tare. Gwamnati ta zuba kuɗi, ta jawo Samsung da LG da Hyundai cikin aikin. A 1993 ma'aikatar sadarwa ta lokacin, wadda aikinta ya koma hannun ma'aikatar kimiyya ta yau, ta ayyana CDMA a matsayin tsarin ƙasa. Wannan ya ba kamfanonin tabbacin cewa duk abin da suka ƙera yana da kasuwa a gida. A watan Janairun 1996 aka fara sayar da layukan CDMA a Incheon da Bucheon, Koriya ta zama ƙasar da ta fara shimfiɗa tsarin ga jama'a masu ɗimbin yawa. Cikin 'yan shekaru Samsung da LG suka fara fitar da wayoyin CDMA zuwa Amurka. A 2012 Samsung ta wuce Nokia a yawan wayoyin da ake sayarwa a duniya.

Waɗanda suka san zamanin Starcomms da Multi-Links da Visafone a Najeriya sun taɓa riƙe wannan fasaha a hannunsu, domin duk layukan CDMA ne. GSM ce ta yi rinjaye a Najeriya, MTN ma ta sayi Visafone a 2016. Amma dabarar ba ta mutu ba, domin a kanta aka gina 3G.

Sai dai cacar ta zo da tsada. Haƙƙin mallakar asalin fasahar yana hannun Qualcomm, don haka kamfanonin Koriya suka riƙa biyan sa sama da kashi 5 cikin 100 na kuɗin kowace waya. Abin da ya rage zafin shi ne wani sashe na yarjejeniyar da ya ce kashi 20 cikin 100 na kuɗin da Qualcomm ya karɓa a kan wayoyin da aka sayar cikin Koriya zai koma wa ETRI. Da aka samu saɓani kan lissafin, ETRI ta kai ƙara gaban kotun sasanta rikicin kasuwanci ta duniya, kuma a ƙarshen shekarar 2000 aka yanke hukuncin da ya ba ta gaskiya. Da ba a rubuta wannan sashe ba tun farko, da babu abin da za ta riƙe a kotu. A 2016 kuma hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta ci Qualcomm tarar sama da won tiriliyan 1 kan yadda yake bayar da lasisi, kotun ƙoli ta tabbatar da tarar a 2023.

Tauraron ɗan'adam da roka: inda aka koyar, da inda aka hana

A ƙarshen shekarun 1980 KAIST ta tura wasu ɗalibanta jami'ar Surrey da ke Ingila domin su koyi ƙera ƙaramin tauraron ɗan'adam. Tare da malaman can suka haɗa KITSAT-1, mai nauyin kusan kilo 50, aka harba shi a watan Agustan 1992. Bayan shekara ɗaya suka haɗa na biyu a gida. Na uku, wanda aka harba a 1999, zanensu ne na kansu. A wannan shekarar wasu daga cikinsu suka kafa kamfanin Satrec Initiative, wanda daga baya ya ƙera wa Malesiya da Dubai taurari.

Labarin roka ya sha bamban. Koriya ta haɗa kai da Rasha wajen gina rokar Naro. Rasha ce ta ƙera ɓangaren ƙasa mai babban inji, kuma ba ta miƙa sirrin injin ba, domin fasahar roka da ta makami mai linzami 'yan gida ɗaya ne, akwai ƙa'idojin duniya da ke taƙaita yaɗa ta. Harbin 2009 bai yi nasara ba. Na 2010 ya tarwatse bayan daƙiƙa 137. Sai a watan Janairun 2013 aka dace, kuma ko a lokacin zuciyar rokar ta wani ce.

Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gwamnati ta ci gaba da zuba kuɗi a rokar gida mai suna Nuri, wadda injinta 'yan ƙasar suka ƙera. Gwajin farko a 2021 bai kai kayansa inda ake so ba, amma a watan Yunin 2022 ta yi nasara. Duk da haka aikin Naro bai tafi a banza ba, domin a lokacinsa aka gina filin harba roka, injiniyoyi kuma suka koyi yadda ake tafiyar da harbi.

Da ƙasar ta samu abin hannunta, sai salon cinikin ya sauya. A watan Agustan 2022 aka harba kumbon Danuri zuwa duniyar wata a kan rokar kamfanin SpaceX. Kumbon na Koriya ne, amma yana ɗauke da wata kyamara ta hukumar NASA mai suna ShadowCam, wadda ke ɗaukar hoton ramukan da rana ba ta taɓa haskawa. Ita kuma NASA ta taimaka da manyan eriyoyinta na sadarwa da kumbo. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Yanzu ita ma biya take yi

Ƙasar da ta fara da karɓar tallafi yanzu tana sayen kujera a manyan ayyukan duniya. A kudancin Faransa ana gina ITER, wata katafariyar na'ura da ake son a gwada samar da makamashi da ita ta irin hanyar da rana ke samar da nata. Turai ce ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na kuɗin ginin, sauran mambobi shida, wato Amurka, Sin, Indiya, Japan, Rasha da Koriya ta Kudu, kowa kusan kashi 9. Mafi yawan gudunmawar da kaya ake bayar da ita. Gwamnatin Koriya ta biya kamfanin Hyundai Heavy Industries ya ƙera wasu sassan babbar tukunyar na'urar, aka kai su Faransa. Kuɗin ya zagaya a gida, ƙwarewar ta zauna a gida, ƙasar kuma tana da haƙƙi a sakamakon binciken.

Sai kuma Horizon Europe, asusun binciken Tarayyar Turai na shekarun 2021 zuwa 2027, mai kusan yuro biliyan 95. A watan Maris na 2024 ma'aikatar ta kammala tattaunawa da Tarayyar, daga 2025 kuma Koriya ta zama ƙasar Asiya ta farko da ta shiga a matsayin abokiyar tarayya, a ɓangaren da ya shafi lafiya, makamashi, sauyin yanayi da fasahar dijital. A da, masanin Koriya na iya shiga aikin Turawa amma da guzurinsa. Yanzu gwamnatinsa na zuba kaso a asusun, shi kuma yana iya neman kuɗi kai tsaye, yana ma iya jagorantar tawagar da ta haɗa jami'o'in ƙasashe da dama.

Ba kullum ake kwana a gado ba

Kada mai karatu ya ɗauka komai na tafiya sumul. A 2023 shugaba Yoon Suk Yeol ya soki yadda ake rabon kuɗin bincike, gwamnati ta zaftare kasafin 2024 daga won tiriliyan 31.1 zuwa 26.5, raguwa ta farko cikin sama da shekara 30. A cikin wannan kasafin kuma aka ɗaga kason haɗin gwiwa da ƙasashen waje daga kimanin won biliyan 500 zuwa tiriliyan 1.8.

Masana da dama sun koka. Hujjarsu ita ce ba a ƙulla abota ta bincike cikin wata uku don kawai an ga kuɗi, kuma idan aka rage alawus ɗin ɗaliban digiri na biyu da na uku, an sare reshen da ake zaune a kai, tunda su ne ke kwana a ɗakin gwaji. A bikin yaye ɗaliban KAIST na watan Fabrairun 2024, masu tsaron shugaban ƙasa sun fitar da wani ɗalibi da ya ɗaga murya yana neman a dawo da kuɗin, hoton ya karaɗe kafafen sada zumunta. A kasafin 2025 aka mayar da kuɗin kusa da inda yake a da.

Inda labarin ya taɓa Najeriya

Surrey ɗin da ta koyar da ɗaliban Koriya ita ce ta koyar da injiniyoyin Najeriya. Kamfanin da ya fito daga jami'ar ne ya ƙera NigeriaSat-1, aka harba shi a watan Satumban 2003, ƙarƙashin hukumar NASRDA da Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta tarayya. Injiniyoyin Najeriya da aka horar a can su ne suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Malami ɗaya ne, kuma ɗaliban duka sun nuna sun iya. Abin da Koriya ta yi bayan horon shi ne ta ci gaba da ba waɗanda suka dawo aikin tauraro na biyu da na uku ba tare da dogon jira ba, har suka kai ga buɗe kamfani. Tarayyar Afirka ta daɗe da sa wa mambobinta burin kashe kashi 1 cikin 100 na tattalin arziki a kan bincike, mafi yawansu kuma ba su kai ba.

Akwai ƙofofin da ke buɗe ga matasa. Shirin RSIF, wanda gwamnatocin Afirka da Bankin Duniya da gwamnatin Koriya ke zuba wa kuɗi, yana ɗaukar nauyin digiri na uku a fannonin kimiyya da injiniyanci. Jami'ar Bayero ta Kano na cikin jami'o'in da ke karɓar ɗalibansa, kuma wasu daga cikin ɗaliban kan je cibiyoyi irin su KIST su yi wani ɓangare na bincikensu. KAIST da jami'ar UST da ke Daejeon, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar, suna ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje. Duk mai sha'awa ya duba shafukansu na ainihi, ya kuma guji duk wanda ya ce a turo masa kuɗi a WhatsApp zai samo gurbi.

Kusan kowane wata ana ganin hoton minista yana musabaha da baƙi, an rubuta cewa an sa hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna a fannin kimiyya. Irin wannan takarda sau da yawa niyya ce kawai, ba ta tilasta wa kowa fitar da ko sisi. Mai karatun da ke son sanin ko akwai ƙamshin gaskiya a ciki sai ya nemi amsar waɗannan tambayoyi: Nawa kowane ɓangare zai zuba, kuma yana cikin kasafin bana? 'Yan ƙasa nawa za a horar, kuma wane aiki ke jiransu idan sun dawo? Wa zai mallaki abin da aka gano? Akwai kamfanin gida da aka sa a ciki? Idan aka samu saɓani, gaban wa za a je? Waɗannan ne abubuwan da suka raba sakamakon CDMA da na Naro, kuma ana iya tambayar su a ƙarƙashin kowace sanarwa da ma'aikata ta wallafa a Facebook ko X.